ME KE RIƘE MA'AIKACI A KAMFANI? LABARIN MASU SABULUN SUNLIGHT

Babu manajan masana'antar da bai san zafin rabuwa da ƙwararren ma'aikaci ba. Mutumin da ya shekara goma yana tsaron tukunyar dafa sabulu, wanda da jin ƙarar inji ya san inda ciwonsa yake, ranar da ya ajiye aiki ya tafi, ya tafi ke nan da wani ilmi wanda ba a rubuta shi cikin kowane littafi ba. Sai a shiga neman wani, a yi masa jarrabawa, a koya masa, a jure wa ɓarnar kayan da zai yi kafin hannunsa ya faɗa. Duk wannan kuɗi ne, ko da yake ba kasafai akawu ke ware masa layi cikin lissafin ƙarshen shekara ba.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka ga wannan hasara a fili shi ne Henry Ford, mai ƙera motoci a Amurka. A cikin 1913 sai da kamfaninsa ya ɗauki mutum fiye da 50,000 don kawai ya riƙe gurabe kimanin 14,000, saboda yadda leburori ke shiga ta wannan ƙofa suna fita ta waccan. A watan Janairu na 1914 ya ɗaga ladan yini daga dala 2.34 zuwa dala 5, ya kuma rage sa'o'in aiki daga tara zuwa takwas. Kafin ƙarshen 1915 masu barin aiki sun ragu zuwa kashi 16 cikin 100. Babban maganin Ford kuɗi ne, kuma ya yi aiki.

To, amma a 'yan shekarun nan manyan kamfanonin duniya suna ta maimaita wata magana dabam. Suna cewa kamfanin da ke neman ribarsa ba tare da ya gurɓata ruwa da iska ba, bai ƙarar da daji ba, bai kuma tauye mutanen da ke noma masa kaya ba, watau abin da ake kira kasuwanci mai ɗorewa, shi ne ma'aikata ke son shiga, shi ne kuma ba su son bari. Ko akwai gaskiya cikin wannan magana? Babu inda ya fi dacewa a auna ta irin kamfanin da ya fi kowa yayata ta, watau Unilever, wanda kayansa suka daɗe a kantunan ƙasar nan, tun daga sabulun Sunlight da Lux har zuwa garin wanki na Omo. Tarihinsa na shekara fiye da 130 ya ƙunshi amsa iri uku, kuma ba duka ne ke da daɗin ji ba.

Ƙauyen da sabulu ya gina

William Lever ɗan mai kantin kayan masarufi ne, an haife shi a garin Bolton na Ingila cikin 1851. A 1885 shi da ƙanensa James suka kafa kamfanin Lever Brothers, suna yin sabulu da man tsirrai, suna yanka shi gunduwa-gunduwa, suna naɗe shi cikin takarda mai ɗauke da suna guda, Sunlight. A zamanin da ake sayar da sabulu a kan sikeli ba suna ba alama, wannan dabara ta sa kasuwa ta buɗe masa har masana'antarsa ta farko ta yi masa kaɗan.

Wajen 1888 ya sayi wata fadama mai eka 56 a bakin kogin Mersey, ƙetaren birnin Liverpool. Ya ware eka 24 don masana'anta, sauran 32 kuwa ya ce gidajen ma'aikata za a gina. Wurin ne aka raɗa wa suna Port Sunlight. Kafin 1914 an gina gidaje wajen 800, mutum kimanin 3,500 na zaune a ciki. Masu zanen gini kusan 30 ya ɗauko, don kada titi ya yi kama da titi. Aka yi makarantu, da asibiti, da wurin iyo, da filayen da ma'aikaci zai shuka kayan miya bayan ya tashi daga aiki. Aka kafa asusun fansho tun gwamnatin Ingila ba ta fara biyan tsofaffi kome ba, a 1909 kuma aka fito da wani tsari na ba ma'aikatan da suka daɗe wani rabo daga ribar kamfani.

Sai mai karatu ya tuna yadda leburan Liverpool ke zaune a wancan zamani kafin ya gane girman abin. Iyali guda cikin ɗaki guda a ƙarƙashin ƙasa, ba iska, ba ruwan famfo, tarin fuka da gudawa suna ɗibar yara. A Port Sunlight mutuwar jarirai ta yi ƙasa ƙwarai da ta birnin da ke tsallaken kogi. Mutumin da ya ga 'ya'yansa suna rayuwa, suna zuwa makaranta, ya kuma san akwai abin da zai ci idan ƙarfinsa ya ƙare, ina za shi? An sami gidajen da kaka da ɗa da jika duk a masana'antar suka yi aikinsu har suka yi ritaya.

Shi Lever bai taɓa cewa sadaka yake yi ba. Ya ɗauki abin a matsayin jari, domin a ganinsa ma'aikaci mai lafiya da kwanciyar hankali ya fi yin aiki, ya fi kuma zama. Sai dai alherin nasa yana da igiya a wuya. Bai yarda ya danƙa wa ma'aikaci rabonsa na riba a hannu ba, yana cewa idan ya yi haka kuɗin za su ƙare ne a giya da alewa da naman biki, gara shi ya riƙe ya gina masa abin da ya dace. Gidan kuwa na kamfani ne, ana cire kuɗin haya daga albashi, duk ranar da aka sallami mutum daga aiki, to, ya tattara komatsansa. Akwai dokoki a kan tsabtar gida da halin zama, har da yadda za a kula da furannin ƙofar gida. Shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago na lokacin sun yi ta sukar wannan tsari, suna ganin mutumin da aikinsa da ɗakin kwanansa ke hannun mutum guda ba ya iya buɗe baki ya nemi ƙarin albashi. Sai cikin shekarun 1980 aka fara sayar da gidajen ga wanda ba ma'aikacin kamfani ba.

Watau tun a nan ana iya ganin cewa zaman ma'aikaci iri biyu ne. Akwai wanda ya zauna don ya ga alheri, akwai wanda ya zauna don an ɗaure shi. A Port Sunlight duka biyu sun haɗu, amma alherin ya rinjayi ɗaurin.

Inda aka gudu

Sabulu ba ya yiwuwa sai da mai, man kuwa daga Afirka yake fitowa. Lever ya nemi hukumar mulkin mallaka ta Ingila ta ba shi manyan filaye a Afirka ta Yamma don ya dasa kwakwar manja, aka hana shi, bisa dalilin cewa ƙasar ta masu ita ce. Ko daga baya, Gwamna Sir Hugh Clifford, wanda ya riƙe Nijeriya daga 1919 zuwa 1925, ya tsaya kai da fata a kan wannan. Abin da Lever ya samu a ƙasar nan shi ne ciniki: a 1920 ya sayi Kamfanin Neja, wanda ke sayen gyaɗa a Kano ta hannun dillalai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, a 1923 kuma ya kafa reshen kamfaninsa a Ikko. Daga Kamfanin Neja ne U.A.C. ta fito a 1929, shekarar da aka ƙulla haɗin Lever Brothers da masu man shafa burodi na Holan, aka sami Unilever.

Filin da ya rasa a nan, ya same shi a Kwango. A 1911 gwamnatin Baljiyam ta ba shi damar mallakar har hekta 750,000 na dajin kwakwa, ya kafa kamfanin matsar manja, ya kuma gina wani gari kusa da Kikwit ya sa masa suna Leverville. Niyyarsa a takarda ita ce ya yi wata Port Sunlight a tsakiyar Afirka, har an yi wasu gidajen bulo da asibitoci da makarantu.

Amma aikin da ake bukata shi ne hawan doguwar kwakwa da igiya a saro nonon manja, a ɗauko shi a ka zuwa wurin awo, a kan lada ƙanƙane. Mutanen ƙasar suna da gonakinsu, ba su ga dalilin barin su ba. Da aka rasa masu zuwa da kansu sai aka koma ga tilas. Jami'an mulkin mallaka suka aza haraji wanda ba ya biyuwa sai da kuɗin bature, aka matsa wa sarakunan ƙauyuka su ba da matasa, aka sanya wa kowane mai sara adadin da zai kawo, wanda ya gudu a kamo shi a ɗaure. Duk da haka gudun bai tsaya ba. Jules Marchal, wani tsohon jami'in Baljiyam wanda ya bi takardun hukuma na lokacin, ya nuna yadda ƙarancin ma'aikata da guje wa aiki suka zame wa kamfanin ciwon da ba ya warkewa. A 1931, bayan faɗuwar farashin manja ta sa an ƙara matse masu sara, kabilar Pende ta yi bore a yankin Kwilu, aka kashe wani jami'in Baljiyam, sojoji kuma suka kashe ɗaruruwan mutane wajen murƙushe boren. Lever kansa ya riga ya rasu tun 1925.

Kamfani ɗaya ne, mai shi ɗaya ne, sabulun ma ɗaya ne. A Ingila ana rububin shiga, a Kwango sai da bulala. Bambancin shi ne a wuri na farko an lissafa ma'aikaci cikin abubuwan da ake son su ɗore, a na biyu kuwa an lissafa shi ne cikin abubuwan da ake matsa, kamar ƙwarar manjan da yake ɗaukowa. Abin takaici kuma, wani ɓangare na jin daɗin Port Sunlight da gumin mai saran Kwilu aka biya shi.

Zamanin Polman

Maganar ɗorewa da sunanta na yanzu ta shigo Unilever ne da ƙarfi lokacin da Paul Polman, mutumin Holan, ya zama shugaba a farkon 2009. Abin da ya fara yi shi ne ya daina yi wa masu hannun jari alkawarin ribar da za a samu duk wata uku, yana cewa wanda ke son riba ta gaggawa ya kai kuɗinsa wani wuri. Farashin hannun jarin ya faɗi, bai janye ba. A 2010 ya fito da shirin shekara goma mai manyan buri uku: a taimaki mutum fiye da miliyan 1,000 su kyautata lafiya da tsabta, a rage rabin illar da kayan kamfanin ke yi wa muhalli, a kuma sayi dukkan amfanin gona daga manoman da ke noma ba tare da kashe ƙasa ba.

Wasu buri an cika su. Kafin 2015 masana'antunsa sun daina kai sharar da ba ta da guba juji, kamfanin kuma ya ce saƙonsa na wanke hannu da tsabta ya kai ga mutum miliyan 1,300. A 2020 ya ba da sanarwar cewa rabin manajojinsa mata ne. Wasu kuwa an gaza: amfanin gonar da aka saya bisa sharaɗin bai wuce kashi biyu cikin uku ba, rage hayaƙin da ke ɗumama duniya kuma ko kusa bai kai rabi ba.

Ta fuskar ma'aikata fa? A nan an ga canji. A 2013 da 2014 dandalin neman aiki na LinkedIn ya jera kamfanonin da mutane suka fi sha'awar shiga a duniya, sai ga mai sayar da sabulu da dunƙulen miya a matsayi na uku, bayan Google da Apple. Polman ya sha faɗin cewa wannan ita ce babbar ribar shirin nasa, domin matashin da ya fito jami'a da kyakkyawar shaida yana da zaɓi, kuma yana son aikin da ba zai ji kunyar faɗinsa a gaban abokansa ba.

Binciken masana ya ɗan goyi bayan wannan. A 2015 wasu malaman jami'a uku, Christiane Bode da Jasjit Singh da Michelle Rogan, suka bi sawun ma'aikata kimanin 10,000 na wani babban kamfanin ba da shawara, suka tarar waɗanda aka tura ayyukan taimakon al'umma sun fi takwarorinsu zama a kamfanin. A 2016 Vanessa Burbano ta gwada masu neman ƙananan ayyuka ta intanet, ta ga cewa idan aka sanar da su mai ba da aikin yana da wani alheri da yake yi wa jama'a, sukan yarda da lada ƙasa da wanda da za su nema. Wannan sakamako na biyu yana da kaifi biyu, domin mai kamfani marar tsoron Allah yana iya karanta shi a matsayin hanyar rage albashi da daɗin baki.

Akwai kuma abin lura: duk waɗannan shaidu a kan ma'aikatan ofis ne, masu ilmi, waɗanda idan sun bar nan gobe za su sami can. Labarin na ƙasa dabam ne. A garin Kodaikanal na Indiya reshen kamfanin yana da masana'antar ma'aunin zafin jiki, wadda aka rufe a 2001 bayan an gano ana zubar da sharar da ke ɗauke da zaiba. Tsofaffin ma'aikata suka yi shekaru suna shari'a a kan lafiyarsu, sai a 2016 aka sasanta da mutum 591 daga cikinsu, shekara shida da fara shirin ɗorewa. Ma'aikacin da ya ji shugabansa na jawabi a taron duniya a kan ceton muhalli, alhali shi bai sami safar hannu ba, jawabin ba ya ƙara masa kome sai haushi.

Da kiɗa ya canja

A watan Fabrairu na 2017 kamfanin Kraft Heinz na Amurka, wanda ya yi suna wajen rage ma'aikata, ya taya Unilever a kan dala miliyan 143,000. An ƙi tayin, masu tayin kuma suka janye cikin kwana biyu, amma abin ya girgiza gidan. Don a faranta wa masu hannun jari rai aka yi alkawarin ƙarin riba, aka sayar da sashen man shafa burodi, har da Blue Band. Polman ya sauka a ƙarshen 2018. A farkon 2022 wani babban mai zuba jari na Ingila, Terry Smith, ya fito ya yi wa kamfanin ba'a, yana cewa shugabanninsa sun shagala da neman wata manufa mai tsarki ga kwalbar miyar salak sun manta da ciniki.

Hein Schumacher, wanda ya karɓi shugabanci a 2023, ya saurari masu wannan ra'ayi. A watan Maris na 2024 ya ba da sanarwar soke gurabe 7,500, yawancinsu na ofis, daga cikin ma'aikata kimanin 128,000. Wata guda bayan haka aka sassauta alkawura. Na rage rabin sabuwar roba kafin 2025 ya koma kashi 30 cikin 100 kafin 2026. Na tabbatar da cewa duk masu kawo wa kamfanin kaya kai tsaye suna biyan albashin da zai riƙe iyali kafin 2030, shi ma aka rage masa ƙarfi. Shi kansa Schumacher bai cika shekara biyu a kujerar ba, a farkon 2025 aka maye gurbinsa da Fernando Fernandez.

Mutanen da aka jawo da alkawarin gyara duniya su ne suka fi jin wannan juyi. Wanda ya zo don albashi, albashi zai riƙe shi. Wanda ya zo don manufa kuwa, ya ƙi tayin wasu wurare saboda ita, ranar da ya ga an naɗe manufar an sa a aljihu saboda masu jari sun yi tsaki, ba shi da sauran dalilin zama, kuma irinsa ne ke da inda za shi. Wannan shi ne haɗarin da ke cikin ɗaure amincin ma'aikaci da alkawarin da shugaba guda ya yi: alkawarin yakan bi mai shi idan ya tafi. Gidan bulo na Port Sunlight da asusun fansho sun rayu bayan Lever, domin abubuwa ne da aka gina aka kuma rubuta su cikin doka.

A ƙasar nan lissafin ya ƙara wuya. Inda aiki ya yi ƙaranci, ƙarancin masu ajiye aiki ba ya nuna kamfani na da kirki, domin mai iyali ba ya sakin reshe sai ya kama wani. Waɗanda ke tafiya su ne injiniyoyi da akawu da masana kwamfuta, kuma yawanci ƙasar suke bari ɗungurungum, abin da matasan kudu ke kira japa. Abin da zai riƙe irin waɗannan, da ma na ƙasa da su, shi ne asibitin da ke karɓar katin ma'aikaci, da kuɗin fansho da ake zubawa a kan kari, da albashin da ke bin tsadar kasuwa, musamman tun da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yuli 2024 bai kai kuɗin buhun shinkafa na lokacin ba.

Kafin duk wannan ma sai masana'antar ta rayu tukuna. A cikin 2023, shekarar da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, GlaxoSmithKline ya ce zai rufe harkarsa a Nijeriya, Procter and Gamble kuma ya ce zai daina yin kaya a nan ya koma shigo da su. Unilever Nijeriya bai tafi ba, amma a watan Maris na shekarar, yana cika shekara 100 da kafuwa a Ikko, ya ba da sanarwar fita daga harkar sabulun wanka da na wanki, watau Omo da Lux da Sunlight ɗin da aka gina kamfanin a kansa. Ya tsaya a kan Knorr da Royco da Close-Up da Vaseline da makamantansu.